Malama Me-ya-sa da Alluna Arba'in

A makarantar da ke bayan kasuwar katako, inda ƙarar injin yanka itace ke shigowa aji tun kafin a gama kiran suna, ba wanda ke kiran malamar kimiyya da sunanta. Yara ne suka laƙaba mata Malama Me-ya-sa, malamai suka ara, har shugaban makarantar ma in ya sha'afa haka yake kiranta a taron malamai. Dalili kuwa, ba ta karɓar amsa guda ta yi shiru. In yaro ya ce ruwa na zama tururi in ya tafasa, sai ta karkata kai ta ce, "Me ya sa?" In ya amsa wannan, ta sake jefo wata. Wata rana wani ya gaji ya ce, "Malama, haka Allah ya yi shi." Ajin ya kwashe da dariya, ita ma ta dara, sannan ta ce, "Gaskiyarka. To ta wace hanya ya yi shi?"

Hali ne da ta tashi da shi. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, yana da tebur a gindin wani bene a bakin titi, ita kuma 'yarsa ta uku ta fi zama a ƙarƙashin teburin nan fiye da cikin gida. Tana shekara tara ta kwance agogon bangon gidansu don ta ga abin da ke bugawa a ciki, ta kasa mayar da shi. Uwarta ta ɗauko tsintsiya, uban ya tare, ya ce a ƙyale ta, amma ba za ta ci abincin rana ba sai agogon ya tashi. Agogo bai tashi ba har yau, abinci kuwa ta ci. Likita ta so zama. Maki kaɗan ya hana ta, ta shiga kwalejin horar da malamai da niyyar ta sake gwadawa wata shekara. Kafin shekarar ta zo aure ya zo, goyo ya biyo baya, sai ga shi ta shekara goma sha tara tana riƙe da alli.

Ɗakin gwajin kimiyya na makarantar suna ne kawai. Akwai madubin duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya da aka cire masa gilashin ido tun kafin ta zo, da ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya wanda yara ke sa wa hula, da hoton zuciya a bango da rana ta cinye har ba a bambance jar jijiya da shuɗiya. Duk abin da za ta koyar, da alli take zana shi.

Ƙaninta ne ya ba ta tsohuwar wayarsa mai shafawa da ya sayi sabuwa. Wata Asabar da hantsi, tana jiran wanki ya sha iska, ta nemi yadda zuciya ke bugawa. Sai ga zuciya ta gaske a tafin hannunta, tana matsewa tana saki, ƙofofinta na buɗewa suna rufewa. Ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta kalla har sau bakwai. Maigidanta, direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Malama, ke da wa kike hira haka har kin manta da mu?"

Ta miƙa masa. Ya kalla ya girgiza kai. "Kullum ina ɗauko masu ciwonta, ban taɓa ganinta ba."

"Ni shekara goma sha tara ina koyar da ita," in ji ta, "yau na fara ganinta."

Ranar Litinin ta kai wayar aji. Yara sittin da biyu, waya ɗaya. Kafin ta kai layi na uku aka kaɗa ƙararrawa, na baya suka fita suna gunaguni. Daga ranar ta fara rubuta wasiƙu. Ta rubuta wa ofishin ilimi, ta rubuta wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ta rubuta wa duk wanda ta ji an ce yana raba wa makarantu kayan koyarwa. Malamai suka mayar da ita abin zolaya, in ta shigo ɗakin malamai sai wani ya ce, "Yau wa muke rubuta wa?" Shekara biyu tana wannan, ba ji ba gani.

Rannan sai ga mota ta shigo. Kwamfutocin hannu arba'in, kowace faɗin littafin rubutu, baƙin gilashi sumul, ana shafa su da yatsa. Da kabad na ƙarfe da ake yi musu caji a ciki, da farantan sola biyu da aka ɗora a kan rufi, da wani ɗan akwati mai fitilu da ke jawo intanet. Wani ma'aikacin kamfanin da ya kawo su, ana ce masa Injiniya, ya yi kwana uku yana haɗa wayoyi. Shugaban makarantar, dattijo mai sanyin murya da kowa ke ce wa Hedimasta, ya sa hannu a takardu shafi bayan shafi. Yara kuwa tun ranar suka sa musu suna alluna, sunan ya bi su.

Mako goma sha ɗaya aka yi ana aiki da su. Ita ce ta ƙirga makonnin daga baya.

Shafa gilashin ba shi ne wahala ba, wannan yara sun iya cikin kwana biyu, har sun fi ta. Wahalar ita ce hana su kwafe amsar da ta fara fitowa. Ranar farko ta raba su rukuni rukuni, ta ce su nemo mata abin da ke kawo shaƙuwa. Wani rukuni ya kawo cewa wani ne ke ambatonka daga nesa. Wani ya kawo sunan wani maganin da aka ce yana kashe ta cikin minti ɗaya. Ta tsaya gaban aji ta riƙe ƙugu.

"Wa ya rubuta wannan? Likita ne, ko mai sayar da maganin? Kun duba wani wuri kun ga ko sun faɗi haka? In mutum ya tare ku a titi ya ce ku sha wannan, sha za ku yi?"

"A'a, Malama!"

"To me ya sa da ya shiga cikin gilashi kuka yarda da shi?"

Ta kafa musu doka: wuri uku za a duba, kuma a rubuta wanda ya faɗa. Suka ga cikin dutse mai aman wuta. Suka ga ƙwayar cuta tana rabewa biyu, wata yarinya ta yi ihu ta ture allon ta ce tana motsi. Yaran da suka saba tsallake katanga bayan hutun tara suka fara zama, har mai gadi ya ce aikinsa ya yi sauƙi. Malama takan koma gida muryarta a dishe, ta zauna tana ba maigidanta labari yana cire takalmi, har sai ya ce, "To Malama, a ba ɗalibi ruwa ya sha tukuna."

A bencin baya na aji uku akwai wata yarinya da ake ce wa 'Yar Tela, don ubanta ne ke ɗinka kayan makarantar rabin ajin. Tana da 'yar in'ina, saboda haka ba ta ɗaga hannu. Wata rana bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen littafinta, har Malama ta ce, "Mene ne, 'yata?"

Da ƙyar ta fitar da maganar. Babanta ya daina ganin kafar allura. Kullum ita ke zura masa zare kafin ta taho, in ya tsinke sai ya jira wani ya wuce. Ya ce makancewa ce ta zo, ya hana a faɗa wa kowa don kada masu kawo ɗinki su gudu. Tana so ta duba.

Malama ta buɗe kabad ta miƙa mata allo. Ba ta taya ta ba, ta zauna tana duba littattafai. Bayan kusan awa guda yarinyar ta kawo mata takarda, wuri uku, kowanne da sunan wanda ya faɗa. Duka ukun sun ce mutum in ya haura arba'in ganinsa na kusa yakan ragu, a je a gwada ido, galibi tabarau ne maganin.

Bayan mako biyu sai ga tela har ɗakin malamai, da tabarau a kan hanci, baki har kunne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce don Allah ya tashi.

"Malama, ashe ba makancewa nake ba, tsufa ne," in ji shi. "Na ce wa uwarta gara tsufan, ai dama ba mu yi da shi ba zai zo ba."

Wannan shi ne mako na tara.

A mako na goma benci ya karye. Benci ne na mutum uku, yara biyar ke kai, sun cusa kawuna wuri ɗaya suna kallon yadda jini ke zagaya jiki. Ƙafarsa ta balle, suka zube, allon ya faɗi da fuska. Ba wanda ya ji ciwo. Gilashin ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan, amma yana aiki. Malama da kanta ta kai wa Hedimasta a ranar, ta rubuta yadda aka yi. Sai aka yi rashin sa'a, sufeton makarantu ya zo a makon da ya biyo, ya buɗe kabad, hannunsa ya faɗa kan fasasshen. Bai tambayi benci ba. Kwana huɗu bayan haka takardar tuhuma ta iso, da sunan Hedimasta a kai.

Da safe Malama ta je ɗauko alluna ta tarar da sabon kwaɗo a jikin kabad ɗin, ƙato, mai ruwan zinariya. Ta wuce ofishin Hedimasta.

"Yallaɓai, na ga an canja makulli."

"Zauna, Malama." Ya tura mata takardar a kan tebur. "Karanta."

Ta karanta. "Amma ai benci ne, Yallaɓai. Mu gyara bencinan. Zan sa su zauna a ƙasa ma in ya kama."

"Yau benci, gobe wani ya sa a jaka ya tafi da shi. Ni na sa hannu, Malama, ba ke ba. Shekara talatin da uku ina aikin nan ba a taɓa rubuto mini irin wannan ba. Saura mini shekara biyu. In aka sake rubuto ta biyu, takardun ritayata za su kwanta a wani tebur har in mutu ban ga ƙarshensu ba. Na ga waɗanda aka yi wa."

"To yaran fa?"

Ya cire hularsa ya shafa kai. Ba mugun mutum ba ne, ta san haka. Shi ne ya taɓa ba ta hutun mako uku lokacin da mahaifinta ke jinya bai rubuta ko'ina ba.

"Yaran sun yi karatu kafin allunan nan su zo," in ji shi a hankali. "Ki ɗan yi haƙuri ƙura ta lafa."

Ƙura ba ta lafa ba. Zango ya ƙare, wani ya shiga. Duk ranar Litinin takan je ofis ta tambaya, har ya zama in ya hango ta sai ya ɗaga hannu tun kafin ta buɗe baki. Yara suka yi ta tambayarta a aji, "Malama, yau za a fito da su?" Ta ce mako mai zuwa. Da ta faɗi haka sau da yawa suka daina tambaya.

Ana fito da su dai, amma sai in baƙi za su zo. Sau huɗu aka yi haka cikin shekara biyu. Da sassafe Hedimasta zai buɗe kwaɗon da kansa, a zaɓo yara arba'in masu tsabtar kaya, a miƙa wa kowa ɗaya. Ba caji, gilashin baƙi ƙirin. Mai ɗaukar hoto yakan ce su karkata su ta yadda fuskar ba za ta fito ba. A zuwa na biyu aka ce Malama ta sunkuya kan wata yarinya, ta nuna allon da yatsa, ta yi murmushi. Ta kalli Hedimasta, ya sunkuyar da kai. Ta nuna, ta yi murmushin. Baƙi na fita aka tattara, aka ƙirga, aka mayar da kwaɗo.

Abin ya tsaya mata a rai har ta ɗauki ƙafa ta je ofishin ilimi ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Ta yi awa uku a kan benci a baranda kafin a shigar da ita wurin jami'in da ke kula da shirin. Ya saurare ta yana juya biro, sannan ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajenta.

"Rahoton da ke gabana ya ce makarantarku na cikin waɗanda suka fi amfani da su. Wannan ba ke ba ce?"

Ita ce. Ga ta a sunkuye, ga yatsanta a kan allon, ga murmushi.

"In kina so ki rubuta cewa rahoton ƙarya ne, ga takarda," in ji jami'in. "Amma ki sani shugabanku ne zai amsa, da duk wanda ke cikin hoton."

Ta tashi ta yi masa godiya ta fita. A gida maigidanta ya ji labarin ya ce, "Malama, mutumin nan saura masa wata takwas. Ki bar shi ya sauka lafiya. Allunan ai ba guduwa za su yi ba." Ta ga gaskiyarsa, ta jira.

Hedimasta ya sauka lafiya. Aka kawo sabuwar shugaba, mace mai saurin tafiya da saurin magana, wadda a makonta na farko ta kira Malama ta ajiye mata makulli a tafin hannu. "An ce ke ce uwarsu. Ki je ki fito da su, in wani abu ya fashe ni zan amsa."

Malama ta tafi kusan da gudu. Da ta buɗe kabad ɗin wani wari ya buge ta, mai kama da na ƙonanniyar roba. Shekara biyu a rufe cikin ƙarfe, a ɗaki mai rufin kwano. Baturan da yawa sun kumbura har sun ɗaga gilashin, wasu sun tsage da kansu. Ɓera ya cinye wayar cajin. Ta kwashe su a kwali ta kai gida, ta yi kwana uku tana sa musu caji ɗaya bayan ɗaya. Tara suka kawo wuta. Ta yi hamdala, ta ce tara ma sun isa, za a yi rukuni tara. Amma kowanne in ya kunnu sai ya tsaya a kan wani rubutu, yana cewa a tuntuɓi kamfani. Lambar kamfanin da ke manne a bayan kabad kuwa ba ta shiga.

Ta yi ta cigiya har aka kwatanta mata inda Injiniya yake. Ta same shi a wani ɗan shago a layin masu gyaran waya, ya yi furfura a gemu. Ya gane ta, ya share mata kujera, ya kunna allo ɗaya ya karanta rubutun.

"Malama, kamfanin ya naɗe tabarmarsa tun bara, shi ya sa kika gan ni nan. Allunan nan a ɗaure suke da wata babbar kwamfuta ta kamfanin. Lokaci lokaci sai sun gaishe ta ta amsa, sannan su buɗe. An kashe ta. Yanzu gaisuwa suke yi ba mai amsawa."

"Ba za ka iya kwance su ba?"

"Zan iya. Yini ɗaya ya ishe ni. Amma kayan hukuma ne, akwai lamba a jikin kowanne. Ki kawo mini takardar izini, ko layi biyu ne, in yi miki kyauta."

Sabuwar shugaba ta rubuta neman izinin a ranar. Ta sake rubutawa bayan wata biyu. Amsar da ta zo daga ƙarshe ta ce shirin ya koma ƙarƙashin wani sashe, wancan sashen kuma ya ce bai karɓi fayil ɗin ba tukuna. Alluna tara suka koma kabad wurin 'yan'uwansu.

A wannan shekarar 'Yar Tela ta kai ajin ƙarshe. Ita ce ta ɗaya a kimiyya, kuma likitan ido take so ta zama. Jarrabawar shiga jami'a kuwa a kan kwamfuta ake yinta, irin ta tebur, mai madannan rubutu da maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana nuna amsa da shi. Cikin ajin duka, mutum huɗu ne suka taɓa riƙe shi. Malama ta samo kwali ta zana madannan a kai, harafi bayan harafi. Ta kawo sabulun wanka guda a matsayin maus, tana nuna musu yadda ake ja da inda ake dannawa. Yaran suka yi ta dariya, wani ya ce in sun faɗi jarrabawa aƙalla za su fito da tsabta. Ita ma ta yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba.

Ranar jarrabawar ta raka su. Ta zauna a kan dakali a waje tare da iyaye, rana na dukansu. Da aka buɗe ƙofa yara suka fito suna hayaniya, 'Yar Tela ta fito a ƙarshe, tana tafiya kamar wadda ta taso daga jinya. Malama ta tare ta.

"Yaya, 'yata?"

Maganar ta ƙi fita, in'inar ta riƙe ta. Sai da Malama ta ja ta gefe ta ba ta ruwa sannan ta iya ba da labari. 'Yar kibiyar da maus ke motsawa a kan gilashin ta ɓace mata tun a tambaya ta shida. Ta ja abin, ta ja, ba ta gan ta ba. Ta shafa gilashin da yatsa yadda ta saba, bai motsa ba. Ta so ta kira mai tsaron jarrabawar, amma an ce duk wanda ya yi magana za a fitar da shi, ita kuma ta san in ta fara magana sai ta daɗe ba ta ƙarasa ba. Ta zauna tana kallon agogon da ke kusurwa yana raguwa. Sai da ya rage minti ashirin wani ya lura ya zo, ya ga wayar abin ce ta zare.

"Malama, na... na san amsoshin," in ji ta. "Duk na san su."

"Na sani. Za ki sake baɗi. Zan kai ki wurin da za ki koya da ta gaske."

Yarinyar ta gyaɗa kai. Da lokacin rajista ya zagayo Malama ta aika mata sau biyu, ba ta zo ba. Uban ya samo keken ɗinki na biyu ya ajiye a gefen nasa, ita ke kai. In Malama ta wuce ta ƙofar shagon takan miƙe ta gaishe ta da ladabi, ta koma ta zauna. Bayan wani lokaci Malama ta fara bi ta layin baya, ko da yake ya fi nisa.

Yanzu yara kan yi aikin gida da wayoyin yayyensu, tunda an hana shigowa da waya makaranta. Sukan kawo mata amsa iri ɗaya su talatin, kalma da kalma, amsar da ta fara fitowa. Wata rana ta ga mutum goma sha ɗaya sun kwafo har da layin ƙarshe da ke cewa a danna nan don samun rangwame. Da can da ta tsayar da darasi ta yi awa guda a kan wannan. Ta riƙe jan biro ta daɗe tana kallon layin, sannan ta ja masa layi a ƙasa, ta ba da maki, ta ɗauko littafi na gaba.

A farkon zangon da ya wuce wata motar ɗaukar kaya ta zo kwashe allunan. Wani ma'aikaci mai riƙe da fayil ya tsaya yana duba lambobi, lebura biyu suna zubawa a buhu. Arba'in cif, har da wanda benci ya fasa. Ɗaya daga cikin leburorin, magidanci mai tabon ƙuna a hannu, ya juya ɗaya yana kallo, ya rage murya ya ce, "Malama, babu ko ɗaya mai ɗan rai? Ina da yarinya a aji biyu, tana son irin abin nan."

"Babu," in ji ta.

Shugabar ta tafi taro, saboda haka mai fayil ya miƙo wa Malama takardar ta sa hannu a matsayin mai kula da kayan. An riga an cike ta da na'ura. A gurbin dalilin lalacewa an rubuta: yawan amfani a hannun ɗalibai. Ta karanta sau biyu. Ta ɗago ta kalli mutumin.

"Haka aka rubuta wa duk makarantun," in ji shi, yana duba agogonsa. "Saura mana guda shida yau, Malama."

Ta karɓi biron ta sa hannu, ta rubuta kwanan wata. Motar ta yi baya ta fita, mai gadi ya ja ƙofa ya rufe. Malama ta tsaya a baranda har aka kaɗa ƙararrawar darasi na uku, sannan ta aika a tambayo mata ko akwai sauran alli a ofis.